Gyara gidan haya a Sakkwato: abin da ɗan haya ke dubawa kafin ya kalli kujera

Ka lura da mai neman gidan haya a Sakkwato ranar da dillali ya kawo shi dubawa. Ba kujera yake fara nufa ba. Banɗaki yake wucewa ya murɗa kan famfo, ya fito ya danna makunnin fanka, ya ɗaga kai ya dubi silin. Wanda ya daɗe a garin har tafin hannu yake ɗorawa a bangon da ke kallon yamma, ya ji ko ya sha rana. Sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, ruwa na zuwa kullum? Wuta fa, layin nan na samu?" Yadda ya bi gidan nan da kallo, haka ya kamata kuɗinka, kai mai gida, ya bi shi: sanyi, wuta, ruwa, makwanci, kujera kuma can daga baya. Masu gidaje da yawa daga ƙarshe suke farawa. Su zuba saitin kujeru masu ƙyalli a falon da ba ya zaunuwa da azahar, sannan su yi ta mamakin yadda gida ya yi wata huɗu a kulle.

Kafin ka sayi ko cokali, ka san wa kake jira. A ƙasar Hausa amarya da kayanta take zuwa: gado, katifa, kujeru, labule, kayan jere, duk iyayenta ne ke yi. Angon da ke neman ciki biyu da falo a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, idan ka nuna masa gida cike da kaya ka ɗora masa aiki, domin ba shi da inda zai kai su, kuma dangin amarya ba za su yarda a ajiye 'yarsu kan gadon haya ba. Haka magidanci mai iyali. Irin waɗannan gida fayau suke so, amma wanda aka gama wa komai na jikin gini: fenti, tayil, fanka, ragar sauro, sandar labule, kantocin kicin.

Gida mai cikakken kaya na baƙon gari ne. Ma'aikacin banki ko na ƙungiyar agaji da aka yi wa canjin wurin aiki, sabon likitan da zai yi shekara guda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, malamin da ke zuwa koyarwa na zango ɗaya, injiniyan da ke aiki a masana'antar siminti ta Kalambaina, masu yi wa ƙasa hidima da suka fito daga sansanin Wamakko, da dangin majinyacin da aka kwantar na makonni. Waɗannan da akwati ɗaya suke sauka. Idan gidanka na wajen Gawon Nama ko kan hanyar jami'a, wannan kasuwar taka ce. Idan yana can cikin unguwa inda sai iyalai, ka tsaya a gyaran jikin gida, ka riƙe sauran kuɗinka.

Zafi shi ne babban mai korar ɗan haya a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, kuma yawancinsa ta rufin kwano yake shigowa. Saboda haka ka hau sama tukuna. Tsakanin kwano da silin dole a sami kafar da iska za ta shiga ta fita, a gefe biyu masu fuskantar juna, a toshe su da raga don jemagu da tsuntsaye. In babu kafar nan, iskar da ta maƙale a ciki tana gasa silin har tsakar dare, shi ya sa za ka ga ɗaki ya fi waje zafi bayan isha'i. Idan za a canja kwano, a shimfiɗa takardar gorar ruwa mai kare zafi a ƙarƙashinsa. Idan ba za a canja ba, farin fenti a saman kwanon ma yana rage wani abu. Dogon yaro a gefen yamma ya fi kowane labule aiki, sai dai a nisanta shi mita huɗu zuwa biyar daga gini da sokawe, don saiwarsa na bin danshi ta fasa bututu.

Fanka ta sama mai faɗin inci 56 ita ce daidai da ɗaki mai ƙafa 12 da 12, falo mai tsawo kuma biyu yake so. Kada fukafukanta su yi ƙasa da mita 2.3 daga daɓe. Fankar da ke juyawa kamar ba ta so, galibi ba mutuwa ta yi ba, kafasita ce ta gaji, kuma canja ta aikin minti goma ne. Amma ɗan hayan da ya danna makunni ya ga haka, ya riga ya yanke hukunci kan gidan gaba ɗaya. In kana da niyyar sa sola, sayi fanka mai cin wuta kaɗan: ta gargajiya na shan wat 70 zuwa 75, irin ta zamani kusan rabin haka.

Na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, a ɗakin kwana ɗaya ta isa, ba sai kowane ɗaki ba. A lissafin littafi mai ƙarfin doki ɗaya ta ishi ɗaki mai ƙafa 12 da 12. A Sakkwato, idan ɗakin na ƙarƙashin kwano kai tsaye ko yana kallon yamma, sa mai doki ɗaya da rabi, in ba haka ba injin zai yi ta gudu ba hutu, ɗaki bai yi sanyi ba, kuɗin wuta na tafiya. Ka duba takardar jikinta ka ga alamar T3. Ita aka ƙera don ƙasashe masu tsananin zafi, tana aiki har wajen digiri 52, alhali ta gama-gari kan fara yankewa a ranakun da aka fi buƙatarta. Injin waje a sa shi a inuwa, a bar masa tazarar kamar kamu ɗaya daga bango, kada a ɗora shi a bangon yamma. A ja mata waya tata ita kaɗai, mai kaurin milimita 2.5, da makunni mai amfiya 20, a haɗa da na'urar da ke jinkirta kunnawa minti uku bayan an dawo da wuta. Rashin wannan 'yar na'urar ne ke ƙona kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, idan wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa. Ka tsaya a kan mai ɗaurawa ya zuƙe iskar cikin bututu da injinsa kafin ya saki gas, kuma bututun ruwan ya gangara waje. In ya kwanta ko ya ɗaga, ruwan bango zai bi, fenti ya kumbura cikin wata biyu.

Ga wata dabara da ta dace da mu fiye da mutanen kudu: kula mai ruwa, wato na'urar da ke hura iska ta cikin ruwa. Iskar Sakkwato a bazara busasshiya ce, don haka ruwan da ke tsiyaya a jikin kular na saurin tashi ya sanyaya iska sosai, wutar da take ci kuma ba ta wuce ta fanka biyu ko uku ba, sola ma na ɗaukarta. Sharaɗinta a ɗan buɗe taga, in an rufe ɗaki ruf sai ya koma gumi. Da damina ta sauka kuwa amfaninta ya ƙare sai wata shekara. Ga ɗaki ciki da falo na ɗan hidimar ƙasa, ita ta fi esi ma'ana.

Maganar wuta, abu na farko mita mai kati ga kowane ɓangare. Esi mai doki ɗaya da rabi na shan kusan yunit ɗaya a awa, kuma tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit naira 225 ga masu layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, a lokacin, babu wanda zai yarda ya raba bil da maƙwabcin da ke kwana da esi. Mita ɗaya ga 'yan haya uku rigima ce kawai ka ajiye wa kanka.

Sola kuwa ita ce abin da ke sa ɗan haya ya ƙi tashi ko an ƙara masa kuɗi. Ga lissafin ciki biyu da falo: fanka uku wat 225, ƙwai takwas masu wat tara-tara wat 72, talabijin kamar 80, ƙaramin firji 100 zuwa 150, cajin waya da kwamfuta 50. Duka bai kai wat 600 ba, inbata mai kVA 1.5 zuwa 2 ta ɗauke shi. Batir biyu masu ruwa na amfiya 200 suna riƙe wat 4,800 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata a sha, in ana wuce haka kullum ba za su yi shekara biyu ba. Rabin nan zai riƙe fanka biyu da 'yan ƙwai har asuba, ba zai riƙe komai da komai ba, kuma gara ka faɗa wa ɗan haya haka tun ranar farko. Abin da ke kashe batir a nan zafi ne: duk ƙarin kamar digiri goma sama da 25 yana raba kwanan batirin ruwa biyu. Kada a kulle shi a ƙaramin sito mara taga. A sa shi inda iska ke wucewa, a ɗaga shi daga ƙasa, a duba ruwansa kowane wata a bazara, a ƙara da ruwan batir, ba na famfo ba. Mai hali ya sayi na litiyom mai kilowat biyar, ya huta da zuba ruwa. Sannan mai wayarin ya raba layi: dutsen guga, hita, injin jan ruwa da esi kada su hau inbata ko kusa. In ka bar soket ɗaya na sola a kicin, wata rana za a jona masa tukunyar lantarki. Faifan sola kuma da hunturu ƙura kan rufe shi cikin mako guda, sai a ce batir ya lalace alhali wanki faifan yake so, da sassafe kafin ya yi zafi.

Ruwa. Iyali mai mutum huɗu na shan lita 300 zuwa 400 a rana tsakanin wanka, wanki, girki da alwala, wato tanki mai lita 1,000 kwana uku ne da ƙyar. Gida mai ɓangare biyu ko uku ya sami lita 2,000 ko fiye. Baƙin tanki a saman ƙarfe cikin ranar Afrilu ruwansa ba ya taɓuwa daga hantsi har la'asar, don haka a yi masa rumfa. Bututun roba da aka bari a fili rana na busar da shi ya tsage, a binne shi ko a naɗe. Gindin tanki ya ɗara kan shawa da mita uku aƙalla, in ba haka ba ruwan zai riƙa ɗiga ne kawai. Injin jan ruwa a sa masa makunni mai yawo a cikin tanki, wanda ke kashe shi in ya cika, don injin da aka manta a kunne ko ambaliya ya yi ko ya ƙone. Ko da rijiyar burtsatse gare ka, ajiye durom mai murfi a banɗaki saboda ranar da sai 'yan ga-ruwa.

A banɗaki akwai abin da masu zanen gini kan manta, ɗan haya Musulmi kuwa ba ya mantawa: masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga Sakkwato alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, don haka masai ya kalli kudu ko arewa. In gini ya riga ya kammala, juya kan masan aikin mai gyaran famfo ne na kwana ɗaya ko biyu, kuma ya cancanci kuɗinsa. A sa ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa, tsayin gwiwa, na cika buta da alwala. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, daɓen ya gangara santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana. Gwada da kanka: zuba bokiti ɗaya ka tsaya. In ruwa ya kwanta a lungu, a fasa a sake tun kafin mai tayil ya karɓi cikon kuɗinsa. Magudanar ta kasance mai tarkon ruwa, shi ke hana wari da kyankyaso hawowa. Hita mai lita 15 zuwa 30 don sanyin Disamba da Janairu na da kyau a gidan baƙi, amma sai da wayar ƙasa mai kyau, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Hita ba wayar ƙasa hatsari ne ga rai, gara babu.

Ƙurar hunturu ita ke tantance irin kayan da za ka zuba. Tagar luba ba ta tare ƙura ko an rufe ta. Ta alminiyom mai roba a baki ta fi, da raga a waje, da roba ko buroshi a ƙasan ƙofar shiga. Kada ka malala kafet bango zuwa bango. Shekara ɗaya ya isa ya cika da ƙura da warin da ba ya fita, kuma ɗan haya na gaba zai ce a cire. Tayil mai launin ƙasa-ƙasa, da darduma ta tsakiya da za a iya naɗewa a kakkaɓe, shi ne daidai. Farin tayil tas yana nuna sawun kowa, baƙi kuma ya fi shi tona ƙura. Fenti mai haske, mai wankuwa, shafi biyu. Bokiti mai lita 20 na yin ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12.

Labule biyu ne a kowace taga, shara-shara na rana da mai kauri na dare. Faɗin yadin ya ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi zuwa biyu, sandar ta zarce taga da santimita 15 zuwa 20 kowane gefe don kada a hango ciki ta kusurwa. Sutura babban abu ce a nan. Tsaya a bakin ƙofar gida ka duba: in idonka na kaiwa ƙofar ɗakin kwana ko kicin, sa labulen ƙofa ko a gina ɗan bango mai karewa. Mai iyali zai lura da wannan ko bai faɗa ba.

Gado da katifa su ne inda ba a neman sauƙi, araha ba ta ado. Katifa sabuwa, mai kaurin inci takwas zuwa goma, ƙafa shida da shida a babban ɗaki, huɗu da rabi da shida a ƙarami. Kamfanoni irin Vitafoam da Mouka suna da aji-aji, ka ɗauki mai tauri, don mai laushi kan lotsa a tsakiya cikin shekara. Katifar hannu kada ta shigo gidanka ko kyauta ce. Kuɗin cizo in ya shiga ɗinkin katifa da tsagar katako, feshi ɗaya ba ya gama shi, ƙwansa na ƙyanƙyashewa bayan mako ɗaya zuwa biyu, dole a maimaita. Sa mata rigar kariya mai auduga a sama. Ledar da ta zo da ita a cire, zafi da gumi take tarawa. Firam ɗin gado na ƙarfe ko na katako mai tauri irin maɗaci. A nan ga abin da ya kamata ka tambayi kafinta: katakon ya bushe? Ɗanyen katako da aka kawo daga kudu aka haɗa nan take, da busasshiyar iskar hunturu ta buge shi sai ya tsuke, mahaɗa ta saki, ƙofar wadirob ta karkace ta daina rufuwa. Allon garin katako kuma ruwan mofa kaɗai ya isa ya kumbura ƙasansa, in dole ne sai an yi amfani da shi a yi masa ƙafafu. A shafa maganin gara a bayan duk abin da ke jingine da bango. Ƙugiya huɗu na gidan sauro a jikin bango, da soket a gefen gado, ƙananan abubuwa ne da ke hana ɗan haya buga maka ƙusa a fenti.

Sai yanzu muka zo kujera. Mai fatar roba tana kyau a shago, amma zafin garin nan na sa ta ɓarewa kamar ɓawon albasa, kuma ba a zama kanta da gumi. Karammiski na riƙe ƙura. Nemi yadi mai saƙa matsattsiya, toka-toka ko ruwan ƙasa, mai zif da za a cire a wanke. Kada ka cika falo da saiti mai zaman mutum bakwai. Doguwa ɗaya da ƙanana biyu sun isa, a bar fili a tsakiya, domin a nan za a shimfiɗa leda a ci abinci, a nan za a yi salla, a nan baƙi za su miƙe ƙafa. Tim-tim biyu na jan fatar Sakkwato da tabarma mai kyau sun fi hotunan bango na kanti ƙawata wuri, baƙo daga wani gari kuma yana jin daɗin ganinsu. Ƙaramar alamar alƙibla a kusurwar silin ba ta cin komai.

Kicin ba ya son dogon bayani. Murhun gas mai kai biyu, tukunyar gas mai kilo 12.5 a waje cikin inuwa inda iska ke kaɗawa, tiyo sabo da aka ɗaure da maɗauri, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana yoyo. Firji ya bar bango da santimita goma, shi ma da na'urar kariya. Katako a ƙasan sito na ɗora buhu. A waje kuma a bar wurin murhun gawayi da turmi da igiyar shanya, ko gidan ya kai yaya a zamani. Tukwane da kwanuka na mai haya ta kwanaki ne kawai. Ƙofar shiga ta ƙarfe, a canja makulli duk lokacin da aka canja ɗan haya, kuma cikin ƙarafan taga a bar ɗaya mai buɗuwa daga ciki saboda gobara.

Kuɗin kayan nan daga haya zai fito, don haka yi lissafi da biro. A ce ka kashe naira miliyan uku, kayan kuma a matsakaici shekara biyar za su yi: naira 600,000 ke nan a shekara da dole ta hau kan kuɗin gidan fayau, ban da gyara. In unguwar ba za ta ɗauki wannan ƙarin ba, rage kayan, ka tsaya a fanka, sola, katifa da labule. A rubuta kowane abu a takarda da yanayinsa, a ɗauki hoto, kai da ɗan haya da shaidu biyu ku sa hannu. A karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a rubuta sharaɗin mayar da shi, kuma a mayar ɗin da gaske idan kaya sun fita lafiya, domin 'yan hayan irin wannan gida junansu suke faɗa wa, likita mai tafiya shi ke kawo mai zuwa. A fayyace wa ke wanke matatar esi, wadda da hunturu duk mako biyu take so, wa ke zuba ruwan batir, wa ke biyan la'adar dillali. Abin da ya tsufa da kansa na mai gida ne, abin da aka fasa na ɗan haya.

Wajen talla, gani ya kori ji. Maimakon hoto goma na kujera, ɗauki bidiyon minti ɗaya da safe, labule a buɗe: murɗa famfo ruwa ya zubo, kunna shawa, kashe babban makunni a ga fanka ta ci gaba da juyawa da sola, nuna mita, nuna inda za a ajiye mota ko babur. Sa shi a WhatsApp da Facebook, ka tura wa dillalai biyu ko uku, ba goma ba, don kada kowa ya ɗora nasa farashi. Idan mai so ya kira, ba shi lokaci tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana. Ka riga shi zuwa da rabin awa, ka share ƙurar da ta sauka, ka saki labulen yamma, ka kunna fanka, ka sa ruwa a firji, sannan ka bar shi ya shigo daga cikin ranar nan ya tsaya a tsakiyar falo.